Bazazzage Zai Buɗe Gidan Gona

Zuwa ga bawana na Zazzau, tare da gaisuwa irin ta ubangida ga yaronsa.

Labari ya iso mu Kano cewa ka tashi haiƙan za ka zama mai gidan gona. An ce kaji 12 ɗin nan da ke tsakar gidanka sun yi maka kaɗan, 200 kake so, har ka fara sa yaran unguwa suna kiran ka Manaja. To madalla. Mu Kanawa ba ma ƙin ganin yaranmu sun ci gaba, don ko ba komai arzikin bawa na ubangidansa ne. Sai dai tunda girman kai ya hana ka zuwa ka tsuguna ka nemi shawara yadda kakanninka suka saba, ni zan biyo ka da ita har gida, a shafin jarida, kowa ya zama shaida.

Mu fara da tambayar da ba ka so a yi. Kajin nan 12 na wane ne? Na uwargida ne. Ita ta sayi sagara biyu da kuɗin adashinta, ita ke watsa musu tsaki da ƙanzon tuwo, ita ta san wadda ke kwanci a bayan randa, ita ke fitowa da gudu in shirwa ta kawo sura. Kai iyakar saninka da su ka ga soyayyen ƙwai a faranti da safe. A ƙasar Hausa kaza asusun mace ce: yaro ya kwanta a sayar da ɗaya a sayo magani, biki ya taso a sayar da biyu a yi gudummawa. Yanzu don ka ga ƙwai ya yi daraja ka ɗauko biro da takarda za ka gaje ta tana raye. Kafin ka ɗora bulo ɗaya, zauna da ita ku yi magana a fili: kajinta nata ne, kuma a yanka mata kasonta a cikin sabbin. Na san ƙarshenta ita za ta riƙa kwashe kashi da canza ruwa, kai kana can majalisa kana gyara wa mutane nahawu.

Lissafin da ka yi kuwa, ba sai an nuna mini takardar ba, na san shi, don duk ɗan boko haka yake yin sa. Ka ƙirga ƙwan da kaji 12 ke bayarwa, ka ninka, ka sake ninkawa da kuɗin kiret, sai ka ga Makka a gabanka. Abin da ka manta shi ne kaji 12 ba ka jin cinsu, domin rabin abincinsu su ke nema wa kansu. Su yi tono a bola, su tsinci gara da fara, su kewaye mai surfe, ragowar tuwon dare ya cike musu. Kaji 200 kuwa babu tsakar gidan da zai ciyar da su, ko da na Sarkin Zazzau ne. Kazar ƙwai ta gidan gona tana cin giram 110 zuwa 120 a yini. Ninka da 200, ka ga kusan buhu guda mai kilo 25 ke nan kullum ta Allah, ranar da aka sayi ƙwai da ranar da ba a saya ba, ranar albashi da ranar da wata ya yi nisa. Kuma ba ta fara biyan ka sai ta kai mako 18 zuwa 20 da ƙyanƙyasa. Kafin nan kowace ta lashe wajen kilo 7, wato ka zuba buhu 50 da 'yan kai ba ka ga ko ɓawon ƙwai ba. Wata huɗu da rabi kana ciyar da 'yan mata 200, babu mai kawo sadaki.

Kada kuma ka ce za ka yi musu dabarar Zazzau, ka dama musu fate. Kazar Hausa tana haƙuri da dusa zalla don ƙwai 40 zuwa 60 take yi a shekara, ta yi goma sha wani abu ta hau kwanci. Ta gidan gona ana sa ran ta yi 280 ko fiye, kusan kullum sai ta gina ƙwai da ɓawonsa daga jikinta. Dole abincinta ya ƙunshi sinadarin gina jiki kashi 16 zuwa 18 cikin 100, da wadataccen sinadarin kalsiyam. Shi ya sa ake haɗa masara da waken suya ko ƙuli-ƙuli, da dusar alkama, da garin ƙashi, da niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa. Ranar da ka tsuke hannu ka cika dusa, ba za ta yi maka gardama ba. Sai dai ka ga ƙwai ya ragu, ɓawonsa ya yi laushi, daga baya su fara fasa shi suna sha da kansu, kuma kazar da ta koyi shan ƙwai ba ta tuba.

Abin haushi, mafi yawan abincin nan masara ce, masarar kuma a ƙasarku ake noma ta. Giwa, Soba, Makarfi, Saminaka, duk naku ne. Da kaka ku sayar mana da ita da arha, mu jibge a Dawanau, damina ta yi tsakiya ku biyo mu kuna ba mu haƙuri mu sayar muku da tsada. Wannan ciniki ya daɗe yana yi mana daɗi, kuma in Kanawa suka ji na tona asiri sai na biya tara. Amma tunda yarona ne kai: in za ka haɗa abinci da kanka, sayi masararka da kaka, ta bushe ƙayau, ka ɗora buhunan a kan katako inda laima ba ta kai. Masarar da ta yi hunhuna guba ce ga kaza, tana karya ƙwai, tana kuma kisa. In ba za ka iya haɗin ba, sayi na buhu ka huta. A jiharku ma, a Chikun, kamfanin Olam ya buɗe katafariyar masana'antar abincin kaji da ƙyanƙyasar tsaki tun 2017.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne da aka ce ka aika Ibadan a sayo maka 'yan tsaki. Ba laifi ba ne, da yawa daga cikin tsakin da ake kiwo a Arewa daga can suke kwana a mota su iso. Amma kai fa a Zariya kake. In ka wuce Samaru kaɗan ga Shika nan, ga cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, NAPRI, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Masananta ne suka shafe shekaru suna tace iri har suka fitar da kazar ƙwai mai suna Shika Brown, domin ta jure yanayin ƙasar nan. A Samarun kuma ga asibitin koyarwa na likitocin dabbobi, ga NAERLS masu koyar da manoma. Mutane na biyan kuɗin mota daga jihohi masu nisa su zo neman ilimin da kai kuɗin Keke Napep zai kai ka, amma ba ka taɓa leƙawa ba. Je ka ka tambaye su ko akwai tsaki a ƙasa. In babu, ko shawarar da za ka samu ta fi ta abokin nan naka da ya koyi kiwo a WhatsApp.

In ka je sayen tsaki, don Allah tafi da wani, ko yaron Bakano ne. Na san larurarku ta gado: Bazazzage bai cika rarrabe mace da namiji ba, kaza ma "ya yi ƙwai" yake ce mata. Mai tsaki na jin bakinka zai san kakarsa ta yanke saƙa. A wurin ƙyanƙyasa ana ware zakaru a sayar da su da ɗan abin da bai kai ya kawo ba, akwai kuma marasa tsoron Allah da ke cakuɗa su da mata su sayar wa sabon shiga. A irin jajayen kajin ƙwan nan, kamar ISA Brown, abin a fili yake tun ranar farko: macen ja-ja ce, namijin fari-fari. Ka riƙe wannan, kada ka yi wata biyu kana ciyarwa sai wata asuba ka ji gidan gonarka gaba ɗaya ta ɗauki cara.

Rainon tsaki kuma ba wasa ba ne. Makon farko suna son ɗumi wajen digiri 32 zuwa 35, a riƙa ragewa sannu a hankali. In sun cure wuri ɗaya sanyi suke ji, in sun watse jikin bango suna haki zafi ya yi yawa. Kaskon gawayi na yin aikin, amma hayaƙinsa da gobararsa sun sha raba mutane da jarinsu cikin dare ɗaya. Ga wanda bai taɓa yi ba, ni na fi son ya sayi waɗanda suka tasa, masu mako 14 zuwa 16, daga gonar da ya sani, a ba shi takardar rigakafinsu. Sun fi tsada, amma wani ya riga ya yi maka rashin barcin. Nan ma akwai tarko: tsofaffin da suka gama ƙwai a kan kawo a ce 'yan mata ne. Duba ƙafa da baki. Na budurwar kaza rawaya ne shar, santsi gare su. Na wadda ta daɗe tana ƙwai sun koɗe, ƙafar ta yi kaushi.

Zakara kuwa ba ka buƙatarsa. Kaza tana ƙwai ko da ba ta taɓa ganin namiji ba, sai dai ba zai ƙyanƙyashe ba. Kajin gidan gona ma ba su cika kwanci ba, an tace wannan hali an fitar. Saboda haka kajin Hausan uwargida su zauna da zakaransu, su ne masu haihuwa, su ne ma masu kwanta wa ƙwan zabi in damina ta zo.

Sai wurin kwana. Ana ba da labarin kakarku Sarauniya Amina cewa duk inda ta yada zango sai ta zagaye shi da ganuwa, amma jikanta an ce da tsohon gidan sauro da kwano biyu ya yi akurki. Gafiya da muzuru suna godiya. A irin zafinmu, kaji 5 ke isar murabba'in mita ɗaya in a ƙasa za a sake su. Kaji 200 ke nan suna son murabba'in mita 40, kamar mita 5 a faɗi 8 a tsawo. Fita ka auna tsakar gidanka, ka cire wurin girki da igiyar shanya da inda yara ke wasa, ka gaya mini abin da ya rage. Ɗakin ya miƙe gabas da yamma don kada rana ta riƙa shiga ta gefe, bango gajere, sama da shi waya har rufi don iska ta ratsa, ƙasa a shimfiɗa dusar katako ko ɓuntun shinkafa, gurbin ƙwai ɗaya ga kowace kaza 4 ko 5. In ka cusa su a matse, za su fara tsattsagar juna, kuma da sun ga jini ba sa bari sai sun farke 'yar'uwarsu.

Suna son haske na awa 16 a yini kafin ƙwai ya tsaya daidai, mu kuwa ranarmu wajen awa 12 ce, sai a cike da fitila. Kada ka dogara da wutar NEPA, sayi 'yar sola. Ruwa kuma, kaza na shan kusan ninki biyu na abin da ta ci, da bazara ya fi haka nesa. Kaji 200 za su tashi da jarka 2 zuwa 4 a yini. A Zariya! Garin da yaro ke girma ya yi aure yana jin ana cewa aikin ruwa ya kusa kammaluwa. Na san za ka ce mu ma 'yan garuwa ne ke shayar da mu. Gaskiya ne, amma mu mun sa kuɗinsu a lissafi. Kaza ba ta yin gumi, tsakanin Maris da Mayu haki kawai take yi, ci ya ragu, ƙwai ya ƙanƙance, masu ƙiba su faɗi. A lokacin a ba su abinci da sassafe da yamma, ruwa mai sanyi kada ya yanke da rana, a jibga ciyawa ko kara a kan kwano.

Yanzu ga wurin da nake so ka ajiye raha ka buɗe kunne. Abin da ya fi kashe masu ƙara kaji shi ne ranar da baƙuwar kaza ta shigo gida. Mutum ya je kasuwa ya ga wata ta burge shi, ya kawo ya jefa cikin nasa, bayan mako ɗaya ya fara kwashe gawa. Duk kazar da ta shigo, a killace ta nesa da sauran na mako 2 zuwa 4, da kwanon cinta da na shanta daban. Kuma kada ka haɗa sabbin da kajin uwargida masu yawo. Kajin Hausa sukan ɗauki cuta su yi ta harkarsu, na gidan gona su kwasa su zube. Haka nan kada a haɗa manya da ƙanana: manyan su hana su ci, su kuma shafa musu abin da suke ɗauke da shi.

Cutar nan da ke zuwa da hunturu ta share kajin unguwa, ka ga kaza ta saki fiffike, tana koren zawo, wuya ya murɗe, ita ce likitoci ke kira Niyukasil. Ba ta da magani, barkono da jar kanwa ba sa yi mata komai, rigakafi ne kawai. Ga Gumboro mai kashe tsaki, ga ƙurajen da ke fito musu a zanko da fuska, ga kashin jini in shimfiɗa ta jiƙe. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom kusa da Jos, wadda ke aiki tun 1924, tana yin rigakafin Niyukasil da Gumboro da na ƙurajen. Akwai Lasota da ake sawa a ruwan sha ana maimaitawa, akwai I-2 da ta fi jure zafi, wadda ta dace da kajin gida. Amma rigakafin da ya yi yini a aljihun babbar riga kana zaune a wurin ɗaurin aure ya zama ruwa. A ƙanƙara ake ɗauko shi, in an haɗa a ba su nan take. Likitan dabbobi ya rubuta maka jadawali ka manna a ƙofa. In ka ba su maganin ƙwayoyin cuta, ka tambaye shi kwana nawa za a yi kafin a ci ƙwan, kada ka sayar wa mutane magani a cikin wainar ƙwai.

Kuma ka tuna tarihi. A watan Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da murar tsuntsaye mai tsanani nau'in H5N1 a nahiyar Afirka, a wata gona a yankin Jaji, tsakanin Zariya da Kaduna. Wato ko a nan ma ku kuka fara, kuka turo mana. Kafin ka ɗauko biro, na sani, da ta dawo a farkon 2015 Kano na cikin wuraren da aka fara ganin ta. An yi kunnen doki. Abin da ya kamata ka ɗauka shi ne takalmi da tayar mota da tsohon kiret na takarda suna yawo da cuta daga gona zuwa gona. Don haka halin nan naka na jan kowane baƙo ya zo ya ga kaji, ka bar shi. Dillalin kaji ya tsaya a zaure. A ƙofar ɗakin a ajiye ruwan magani na tsoma ƙafa da takalmin da ba ya fita waje. In ka wayi gari ka ga sun mutu da yawa lokaci ɗaya, kira ma'aikatan dabbobi. Kada ka yi wayon yanka ragowar ka kai kasuwa.

Mu ce Allah ya kiyaye duk wannan, kaji sun fara zuba. In kashi 80 cikin 100 na yi, kullum kana da ƙwai 160, kiret 5 da ɗoriyar 10. A mako kiret 37. Wa zai saya? Nan ne karatun Zazzau ke ƙarewa, na Kano ya fara. Bakano ba ya sayen kaza sai ya san mai shayin da zai karɓi ƙwanta, da mai kanti, da mai gidan burodi, da matar da ke dafawa ta ba yara talla. Ƙwai ba gero ba ne da za ka zuba a rumbu ka jira farashi. Da bazara in ya kwana bakwai ya fara sauka, mai saye kuma ya san ka matsu. A farkon 2023, lokacin da aka canza takardun naira tsabar kuɗi ta ɓace, masu gidan gona sun tara ƙwai har ya riƙa lalacewa a hannunsu, kajin kuwa ba su rage ci ba ko na yini ɗaya. Sannan ga bashi. Mai shayi zai karɓi kiret 3 ya ce sai an yi ciniki, mai abincin kaji kuwa ba ya jin wannan yare. Kai da na sani da kunya, wanda ya ci bashinka ma kai ke kauce masa a hanya. Sayi littafi, rubuta buhun da ya shiga da ƙwan da ya fita da wanda ya fashe da kazar da ta mutu da sunan mai bashi, kullum, ba sai ƙarshen wata ba.

Riba ta biyu tana inda ba ka duba. Kashin kaji taki ne mai ƙarfi, masu lambu da manoman masara suna sayen sa buhu-buhu, in ka adana shi a bushe. In ka bar shi ya jiƙe da damina, ƙuda da wari za su kai ka gaban mai unguwa. Sannan bayan kamar shekara ɗaya da rabi ƙwai zai ja baya har ya kasa biyan abinci, sai a sayar da su a matsayin nama. Mai dabara yakan auna lokacin ya faɗo kusa da Sallah ko Kirsimeti, ga Sabon Gari nan kusa da kai. Kuɗin nan ba na ƙarin aure ba ne, na sayen waɗanda za su maye gurbinsu ne.

Ga hukuncina, kuma ba a ɗaukaka ƙara. Ka fara da 50. Buhu ɗaya zai kai su kwana 4, ɗaki mai murabba'in mita 10 ya ishe su, jarka guda ta shayar da su, ƙwansu kiret ɗaya da 'yan kai a yini, wanda masu shayi biyu da maƙwabta za su ɗauke. Ka ajiye kuɗin abincin wata biyu a gefe kafin su iso. In ka fitar da su hunturu da bazara da damina lafiya, littafinka ya nuna riba, sai ka ƙara wasu 50 a ɗaki na daban. Maganar 200 a bar ta sai ka sami fili a bayan gari, can wajen hanyar Shika, kusa da malaman da za su riƙa duba maka.

Kiret ɗin farko kuma ka san inda za shi. A ɗaure shi da kyau, a ba direban motar Kano, a ce a sauke a tashar Unguwa Uku, zan aiko yaro. In ɗaya ya fashe, kai za ka biya. Sauran Zage-zagi masu jin haushi, shafin nan a buɗe yake mako mai zuwa, ku rubuto, mu ma za mu duba mu gyara muku "ya" da "ta" kafin a buga.